Abin da Magini Ya Gani a Gidan Makama

Gidan Makama yana cikin birnin Kano, daura da fadar Sarki ta wajen kudu, kuma akasarin masu ziyartarsa suna zuwa ne domin su ga makaman yaƙi, da hotunan sarakuna, da kayan hawan salla. Ni abin da ya kai ni shi ne ginin kansa, da kuma ɗakin da aka keɓe wa sana'ar gini, domin a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa maganar gini ta ƙi ƙarewa tun bayan ambaliyar shekarar 2022, wadda ta kwantar da gidajen ƙasa masu yawa a garuruwan da ke bin kogin Haɗeja. Daga wannan shekara, duk wanda Allah ya hore wa ɗan abin hannu sai ya sayi bulo da kwano, wanda bai samu ba kuwa ya sake tada katangar ƙasa ransa ba ya so. Mutane sun riga sun yanke wa ƙasa hukunci cewa kayan ginin talaka ce, kuma ba ta da amana. Na tafi tare da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya gaji gini daga mahaifinsa, ko da yake yanzu girma ya rage masa hawa katanga, saboda ina so in ji abin da zai faɗa idan ya tsaya a cikin gidan ƙasa wanda tarihinsa ya haura shekara 500.

Riwayar da aka fi sani ita ce an gina gidan a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kuma bayan ya hau gadon sarautar Kano a 1463 ya ci gaba da zama a cikinsa kafin a kammala sabuwar fada, wato Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suke zaune har yau. Rumfa ya yi mulki har zuwa 1499, kuma a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi, aka kuma faɗaɗa ganuwa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da wani sashe na gidan a matsayin ofis. Yanzu gidan ya kasu uku: sashen da Makaman Kano yake riƙe da shi, sashen da ya zama makaranta, da sashen da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta mayar wurin adana kayan tarihi.

Da muka shiga zaure, jami'in da ke zagayawa da baƙi ya fara bayani a kan bindigogin igwa da muka wuce a bakin ƙofa, amma Kawu ya ɗaga kai ya ƙura wa rufin ido bai ce uffan ba. Jami'in ya lura, sai ya dakata ya ce, "Baba, ko akwai abin da kake nema a sama?" Kawu ya ce, "Malam, ina duba inda ƙafafun nan suka haɗu ne. Wanda ya ɗaura wannan bai yi gaggawa ba." Da na faɗa wa jami'in sana'ar Kawu, sai ya yi murmushi ya ce, "To Baba, ai yau kai ne za ka karantar da mu." Na ji daɗin wannan girmamawa ƙwarai, domin a gida samari sun daina tambayar Kawu kome a kan gini, birkila suke nema.

Abin da Kawu yake kallo shi ne bakan gizo, wato bakan ƙasa da azara da ke ɗauke da rufi, kuma bayanin da ya yi mana ya cancanci a rubuta shi. Matsalar maginin ƙasa a ko da yaushe ita ce rufi, saboda azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita 2 ba tare da wani abin tallafi ba. Shi ya sa ɗakunan talakawa na da suke ƙanana. Idan ana son ɗaki mai faɗi, irin wanda sarki zai zauna da fadawansa ko jama'a za su yi sahu, sai magini ya kafa azara a cikin bango daga ɓangarori biyu, ya karkato da su kaɗan zuwa tsakiya, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe, sa'an nan ya ɗora wasu a kansu ya ƙara karkatowa, haka haka har ƙafafun biyu su sadu a sama. Idan bakuna da yawa suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, kuma a wasu gidajen akan manna tasa a daidai mahaɗar domin ado. A kan waɗannan bakuna ake jera gajerun azara, a shimfiɗa asabari ko zana, a zuba ƙasa, a daɓe. Kawu ya ce sirrin aikin duka yana wajen jira, domin magini ba ya ɗora sabon hawa sai na ƙasa ya bushe ƙarau, kuma wanda ya ƙosa ya ɗora a kan ɗanye, to ya gina wa mai gida kabari ne.

A ɗakin kayan gini kuwa, na ga abin da ya tsaya mini a rai. An ajiye tubali, irin mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake mulmulawa da hannu, tare da azara da sauran kayan aiki, mutanen birni suna kewayawa suna kallo. Wannan tubalin ne ake shanyawa a bayan gidanmu da rani. Abin da ya zama kayan tarihi a cikin Kano, a wurinmu shi ne ɗakin da yara suke kwana a ciki, kuma zai ci gaba da zama haka na tsawon lokaci, domin kuɗin buhun siminti ya fi ƙarfin manomin da gero da gyaɗa ne kaɗai abin sayarwarsa. Saboda haka tambayar da ta dame ni ita ce me ya sa katangar Gidan Makama take tsaye, namu kuma suke zubewa a damina ɗaya mai ƙarfi, alhali duk ƙasa ce.

Amsar Kawu ita ce ba ƙasa ɗaya ba ce, kuma ba aiki ɗaya ba ne. Maginin zamanin da yakan zaɓi inda zai haƙo ƙasarsa, ya nemi birji mai tsakuwa da danƙo, ba rairayin jigawa da ya fi yawa a yankinmu ba. Akan jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a zuba ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakewa, kafin a mulmula tubali a shanya shi har ya bushe sarai. Katanga kuma tana farawa da kauri sosai a gindi, tana sirancewa yayin da take hawa, magini yana zaune a kanta ana jefo masa tubali yana cafewa. Yanzu mai gida yana so a gama masa ɗaki cikin mako, sai a kwaɓa ƙasar da ta fi kusa, a buga ta a akwatin katako mai siffar bulo, a jera siririyar katanga wadda kaurinta ɗaya ne daga ƙasa har sama, a ɗora kwano wanda bakinsa bai fito daga jikin bango ba ko da taki ɗaya. Ruwan sama yana sauka daga kwanon kai tsaye a gindin katangar, yana cin ta sannu a hankali tun kafin ambaliya ta zo. Kawu ya nuna mini indararo da ke jikin ginin, ya ce in duba yadda suka miƙo waje domin su jefa ruwa nesa da tushe, ya kuma ce zankwayen da mutane suke ɗauka ado ne kawai suna ƙara wa kusurwa nauyi, a nan ne kuma mai yaɓe yake ɗaura igiyarsa idan zai sauko jikin bango. Ya ce, "Ɗana, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ruwa ma. Gidan nan ba don an gina shi da kyau kaɗai yake tsaye ba. Ba a taɓa barinsa ya tsage an yi shiru ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta kawo mu ga yaɓe, kuma a nan na fahimci cewa sana'ar gini ba ita kaɗai take rayuwa ba. Abin da yake kare katangar ƙasa daga ruwa shi ne makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa bayan mata sun cire gari sun ware kalwar daddawa. Akan jiƙa ɓawon, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, a shafe bango, ya yi duhu ya yi tauri, ya ɗauki shekaru kafin ya nemi sabo. Abin da yake kare rufin soro kuwa shi ne laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato lakar da ke taruwa a gindin rijiyar marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. Ke nan magini yana dogara ga marini, da majemi, da matar da ke yin daddawa, da manomin da ya bar giginya ta girma a gonarsa shekara da shekaru. A Kano marinar Ƙofar Mata tana nan tana aiki, amma a ƙauyukanmu rijiyoyin marina sun daɗe da cikewa, ɗorawa tana tafiya a itacen girki da gawayi, giginya kuma ana sarewa ba a dasawa. Da waɗannan suka janye, sai magini ya rage da tsurar ƙasa da ruwa, aka kuma ci gaba da kiran abin da yake yi ginin gargajiya, alhali rabinsa ne kawai.

Wani wuri kuma da muka daɗe a cikinsa shi ne inda aka ajiye tsofaffin ƙyauren Ƙofar Kabuga, ƙofar da sojojin Ingila suka shigo ta cikinta ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Kusa da su akwai taswirar ganuwar Kano, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar, sarakunan bayansa suka kammala, Rumfa ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Mai kallon taswirar zai ga ƙofofi a kewaye, Nasarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, kowace da hanyar da ta taso daga gare ta ta nufi tsakiyar gari, inda kasuwa da fada da masallaci suke. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne filin da aka bari. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da babban kaso na cikin ganuwa gonaki ne da fili, gidaje kuma sun taru a wajen kudu da gabashin Dala, ga Jakara ta ratsa gari. Waɗanda suka shata ganuwar sun yi tunanin ranar da za a rufe ƙofofi saboda yaƙi, mutane su buƙaci abinci da makiyaya a ciki, sun kuma yi tunanin jikokin da ba a haifa ba.

Akwai kuma kududdufai. Kowace unguwa ta haƙi ƙasar ginin gidajenta a kusa, ramin da ya rage ya zama wurin da ruwan damina yake taruwa, saboda haka yawan gidaje yana tafiya tare da yawan wuraren da ruwa zai sauka. Ba na musun cewa kududdufi matattarar sauro da ƙazanta ce idan ba a kula da shi ba, kuma yara sun sha halaka a cikinsa. Amma da ina tsaye gaban taswirar, ƙauyenmu nake gani. Tsohon garin yana kan tudu, gidan dagaci da masallaci a tsakiya, lunguna suna gangarawa zuwa kududdufai biyu da ke yamma. Da kwalta ta zo, kowa ya so ƙofar gidansa ta kalli titi, sai aka yanka filaye a gangaren da dattawa suka sani hanyar ruwa ce, aka cike kududdufi ɗaya da shara aka gina shaguna a kai. A ambaliyar 2022 gidajen da ke wannan gangare ne suka fara tafiya, kuma ruwan bai tambayi wanne ne na ƙasa wanne ne na bulo ba kafin ya shiga, sai dai na ƙasar sun narke, na bulon sun tsage sun tsaya. Mutane sun riƙe darasi na biyun, sun manta da na farko, wato inda aka kafa gidan.

Ya kamata in yi wa masu barin ginin ƙasa adalci, domin ba jahilci ne ya kore su ba. Soron da ba a kula da shi ba yana iya ruftowa kan masu barci a tsakiyar watan Agusta, kuma akwai gidajen da aka yi wannan rashi. Yaɓe aiki ne na kowace shekara ko biyu, kuma lokacinsa shi ne rani, daidai lokacin da samarin gari suke tafiya ci-rani Kano da Legas da Abuja, gida ya rage daga tsofaffi sai mata da yara. Gayyar da a da take tada katangar maƙwabci a yini ɗaya ta yi rauni. Matar gida kuma ita ce take fama da ƙurar da ke zubowa, da gara, da ɓeraye, don haka idan ta ce tana son siminti ta san abin da take faɗa. Amma kuma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai kwano ba sili a watan Afrilu ya san abin da aka musanya: ɗakin ba ya shiguwa da rana, da dare kuma sai a fito tsakar gida. A cikin zaurukan Gidan Makama, da tsakar rana, ba fanka, mun zauna a cikin sanyi, domin katanga mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare ya yi.

Ba a Kano kaɗai wannan gwaninta ta kai ƙololuwa ba. Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, kuma ɗaurin gugansa ya shahara har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, tare da kwatankwacin ganuwar Kano. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne Falke Barmu, magini kuma manomi a ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda ya fara gina masallacin garinsu da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kawo ruwa da itace da tubali, daga baya ya ƙara masa bakuna da hasumiyoyi, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine a 1986. A Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya kammala makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, da tubalin ƙasa wanda aka sa wa siminti kaɗan aka matse, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ƙasa domin iska ta ratsa tsakani, ya kuma fito da bakin kwanon nesa da bango. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a fannin zanen gine-gine. Abin da ya yi a Gando bai fi ƙarfin maginanmu ba, idan aka haɗa su da wanda ya san lissafin rodi da kwano.

A motar komawa, bayan mun wuce Gezawa, na tambayi Kawu yadda zai gina ɗaki yau idan an ba shi dama, da kayan da ake iya samu, ba da waɗanda suka ɓace ba. Ya ce da farko zai je wurin da damina ya ga inda ruwa yake bi, kafin a kafa turke ko ɗaya. Zai yi tushe da dutse ko bulo har zuwa gwiwa, domin ruwan da ke kwanciya a ƙasa kada ya taɓa tubali, daga nan ya hau da katangar ƙasa mai kauri, ya yi rufin kwano tunda azara ta yi tsada, amma ya fito da bakinsa sosai ta kowane gefe, ya bar tagogi a sama domin zafi ya fita. Ya ce ba zai shafa wa katangar filastar siminti ba, saboda siminti ba ya kama ƙasa, yana ɓamɓarewa ya ɓoye ruwa a bayansa; makuba zai nema.

Na kai wannan magana gaban kwamitin makarantar Islamiyyarmu, wadda ajinta ɗaya ya faɗi a ambaliyar, yara suna karatu a ƙarƙashin rumfar kara. An yi muhawara mai zafi, domin wasu iyaye suna ganin ginin ƙasa koma baya ne, amma da aka kwatanta kuɗin bulo da abin da ke cikin asusu, sai aka amince a gwada tsarin Kawu a kan tudun da ke gabashin masallaci. Sharaɗin da Kawu ya kafa shi ne a ba shi samari biyu waɗanda ba za su tafi ci-rani bana ba, su tsaya tare da shi tun daga zaɓen ƙasa har zuwa yaɓe, kwamiti ya riƙa ba su abin sabulu. Za a fara buga tubali da zarar an gama kai amfanin gona gida, a tada katanga cikin hunturu. Ɗorawa tana nuna da bazara, saboda haka an roƙi matan da ke yin daddawa a ƙauyenmu da ƙauyuka biyu na maƙwabta su tara mana ɓawon kada su zubar, domin a samu a shafe bangon kafin ruwan farko.